Kifin Maganin da Na Dafa wa Baba

Da sunan Allah, Mai saukar da cuta da sauƙinta. Sallama ga duk wanda wannan rubutu ya iske, musamman mata 'yan'uwana masu sayen kifi a ƙofar gida. Sunana Rabi, ina aure a Talata Mafara. Labarin jinyar mahaifina zan bayar, tun daga lokacin da miyau ya fara zubo masa har zuwa halin da muke ciki yau. Na daɗe ina jinkiri, domin ina tsoron in ɗora wa wani laifin da ban tabbatar ba. Abin da na gani da idona zan ce na gani, abin da aka faɗa mini kuma zan ce faɗa mini aka yi.

Baba masunci ne tun tasowarsa, a wani ƙauye na bakin gulbi cikin ƙasar Maradun. Da zaman ƙauyen ya gagara saboda 'yan bindiga, ga shi Inna ta riga ta rasu, maigidana ya ce a ɗauko shi, ya gyara masa ɗakin da ke kusa da zaure. Allah Ya saka masa da alheri, ba kowane suruki ke yin haka ba. Haƙoran Baba sun zube sai 'yan kaɗan. Tuwo ba ya burge shi, nama ba ya taunuwa. Romon kifi kaɗai yake sha da daɗin rai, kuma kai da ƙwai da kitsen ciki ya fi so. Maigidana ba ya son ƙarni, ni ma kifi bai dame ni ba, don haka 'yar tukunya daban nake ɗora wa Baba.

Da bazara ta kama, gulbi ya tsinke ya bar ruwa gurbi-gurbi, sai kifi ya yi arha. Akwai wani mutum, Mani, da ke yawo da shi a kwando bayan keke. Wata safiya ya tsaya a ƙofarmu, na leƙa kwandon na ga abin da ban saba gani ba. Tarwaɗa da karfasa da ƙurungu, manya da 'yan mitsi-mitsi kamar yatsa, duk a cakuɗe, kuma babu mai motsi ko ɗaya. Tarwaɗa kuwa kowa ya san ta da taurin rai, takan iso gida tana wutsil-wutsil.

Bayan mun gaisa na ce, "Mani, wanga kifi na yau ne kuwa?"

Ya ce, "Na sahen nan ne, uwar gida. Shinshina ki ji. Kihin magani ne, shi ya sa kika gan shi kwance."

Kalmar magani ba ta yi mini ba. Ina shirin cewa ya tafi da abinsa, sai na ji muryar Baba daga ɗaki.

"Mi yac ce? Kihin magani? Sayo, Rabi, sayo! Rabona da shi tun ina da ƙarhina."

Na shiga na durƙusa na ce masa ni hankalina bai kwanta ba. Ya yi dariya har da tari. Ya ce a zamaninsu, in ruwa ya ja baya, akwai wani tsiro da ake kira magimfa, a daka ganyensa a turmi a zuba cikin gurbi. Kifi ya bugu ya taso sama kamar mai maye, a kwashe manya, waɗanda aka bari kuma in an jima su farfaɗo su koma ƙasa. Wannan shi ne kifin magani, in ji shi, kuma duk ƙauyensu sun ci babu wanda ko kansa ya sara.

Ya ce, "Da shi anka yaye ki. Ki hidda hanji ki wanke, shi ke nan. Ke tsoronki ya yi yawa. Ko inuwarki ta motsa sai kin tambaye ta ina za ta."

Mutumin da ya tsufa a cikin ruwa ya ce babu komai, wa kuma zan tambaya? Na saya, na fitar da hanji, na wanke da toka, na sake wankewa da lemun tsami, na dafa har ƙashi ya yi laushi. Ya shanye, ya lashe kwano, ya sa mini albarka. Daga ranar Mani ya riƙa tsayawa a ƙofarmu a kai a kai.

Satin farko abin bai yi kama da ciwo ba. Kai ne ke sara masa, sai gumi da ke jiƙa masa riga ko yana cikin inuwa. Muka ce zafin bazara ne. Sai na lura matashinsa na jiƙewa, kuma ko a zaune yake miyau na tarar masa a baki, yana ta tofarwa a gwangwani. Wata rana da azahar ya ce mini hadari ya haɗu ne, ya ga gari ya yi duhu. Na fita na duba sama, rana tas. Maigidana ya je kemis ya yi bayani, aka ce taifot ce da maleriya, aka haɗo ƙwayoyi. Na riƙa ba shi a kan lokaci ba fashi. Da yake bakinsa ya ƙi komai, sai na ci gaba da romon, ina ma jin daɗi akwai abin da yake karɓa.

A sati na biyu amai da gudawa suka kama shi lokaci ɗaya, bayan an sauko Juma'a. Kafin la'asar ya kasa tashi. Muka ɗauke shi zuwa asibiti. Layin yankar kati kawai ya isa ya sa mai lafiya kwanciya. Maigidana na riƙe da Baba a kan benci, ni ina tsaye a layi ina waiwaye, ina ƙirga numfashinsa daga nesa.

Na zo da leda cike da duk abin da ya taɓa sha: ƙwayoyin kemis, man zafi, sassaƙen da maƙwabciya ta kawo, har da 'yar kwalbar rubutu. Ma'aikacin da ya fara duba shi ya zazzage su a tebur, ya ce, "Ban da waɗannan, ya sha wani magani? Ko ya taɓa maganin feshi, ko na ɓera?"

Ban amsa da gaggawa ba, na tsaya na yi tunani sosai don kada in yi ƙarya. Kayan feshin maigidana a bukkar gona suke, bai taɓa shigo da su gida ba. Maganin ɓera kuwa ni na hana a saya. Na ce babu.

"Me ya ci?"

"Abin da ya saba, romon kifi."

"Sabo ko busasshe?"

"Sabo."

Ya rubuta, aka wuce wurin. Aka ce ciwon ciki ne irin na bazara, aka ɗaura masa ƙarin ruwa. Ba na ganin laifinsa, mutane sun yi masa yawa, kuma abin da ya tambaya shi na amsa. Amma har yau ina tuna wannan tambaya. Kalmar magani tana bakinsa, tana cikin kaina, ba su haɗu ba.

Zaman asibiti sai wanda ya yi. Sirinji, auduga, ledar ruwa, komai sai an rubuta maka ka tsallaka titi cikin rana ka sayo, ka dawo a ce an manta da abu ɗaya. Tunkiyar da nake kiwo ta tafi a wannan sati. Duk da haka akwai wata nas, 'yar gajeruwa mai tabarau, da ta ga ina kuka a bayan tagar ɗakin maza, ta kawo mini kujerarta, ta kuma nuna mini yadda zan juya Baba ba tare da na ji ciwon baya ba. Ban san sunanta ba, Allah Ya san ta. A asibiti kunu da shayi kawai Baba ya sha, sai ga shi miyau ya tsaya, ido ya washe. Dukanmu muka ce ƙarin ruwa ya yi aiki. Aka sallame mu muna godiya.

Sati na uku muna gida, 'yan dubiya suka yi ta zuwa, kowa da tasa. Wannan ta ce ciwon shawara ne, waccan ta ce hawan jini ne, wani ya ce a nemo hantar baƙar akuya. Sai ga Gwaggo Asabe, ƙanwar Baba, ta iso daga Bakura da ƙullin kayanta, alamar ba ranar za ta koma ba. Ta tsaya a kansa ta riƙe haɓa.

"Yaya, kai ne kak koma haka? Awa kazar da anka hige?"

Ya ce, "Ke ma da kika ga kaza ai ba ki zo da hatsi ba. Baki kika kawo."

Ta ce ita ta san ciwon. Mutanen ruwa ne suka biyo shi, don ya yi shekaru yana cin arzikinsu ya taso bai yi musu sallama ba. Ta sa aka yi hayaƙi har idona ya yi ja. Ban hana ba, ban kuma yarda ba. Amma da ta ɗaga hannunsa ta ga fata na lilo, ta juyo kaina.

"Ke Rabi, kunu zai maida jikin masunci? Ki ɗora mishi romo sahe da marece, da kai, da kitse. Ko rowa kika koya a birni?"

Maganar ta yi mini zafi, domin babu abin da nake tsoro kamar a ce na gaza wa mahaifina. Na aika wa Mani ya ƙaro. Na ninka abin da nake dafawa a da. Ina zaune a gabansa ina ba shi a baki da cokali, ina cewa, "Daure, Baba, ƙara ɗaya." Gwaggo ma ta ɗan taɓa, cikinta ya murɗa, ta ce ruwan rijiyar Mafara ne bai karɓe ta ba.

A sati na huɗu ciwon ya dawo, kuma ya fi na farko nesa ba kusa ba. Da safe na kai masa ruwan alwala na tarar naman fuskarsa da na cinyarsa suna rawa su kaɗai. Ƙirjinsa na ƙara kamar ana hura ruwa da tsinke. Wuyansa ya kasa riƙe kansa. Shimfiɗarsa ta jiƙe, ya ɗauke idonsa daga kaina don kunya, ni ma na yi kamar ban gani ba na kira maigidana.

Muka koma asibiti. Aka kwantar da shi a benci a baranda, aka ce sai likita ta gama da waɗanda suka riga mu. Na zauna a layi ina jan carbi. Kusa da ni akwai wata mata, ta ce sunanta Kulu, daga wani ƙauye na wajen Bakura, ta kawo ciwon ƙafa da ya ƙi warkewa. Ta yi mini sannu, ta tambayi me ke damun tsohon. Na zayyana mata, har na ce abin da ke ɗaure mini kai shi ne yana cin abinci mai kyau, romon kifi safe da yamma.

Ta ce, "Allah Shi ba shi lahiya. Mu dai mazanmu masunta ne, amma bana ko kyauta anka ba ni kihi sai na ga yana motsi. Kihin magani ya cika kasuwa."

Na ce, "Ai shi muke saye. Baba ya ce babu komai, magimfa ce."

Ta juyo gaba ɗaya ta dube ni. "Magimfa? Ke 'yar'uwa, a wace duniya kike? Wa ka shuka magimfa yanzu, balle shi zauna daka? Kwalba aka juyewa. Maganin heshin shinkahwa, irin na ƙwari. A zuba da asuba, kahin hantsi komi ya taso."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Ni da ban taɓa tsallake layi ba, ko na famfo, na ture labule na shiga ɗakin likita akwai wani a zaune. Mutane na ta surutu a bayana. Na ce, "Likita, ki yi mini rai. Kifin da nake ba mahaifina da maganin feshi aka kama shi."

Ta dube ni, ta ajiye biro, ta ɗauki 'yar tocila ta biyo ni baranda. Ta buɗe idon Baba ta haska, ta buɗe ɗayan. Ta ce in matso in gani. Baƙin tsakiyar idonsa ya tsuke ya koma kamar kan allura. Ta ce, "Wannan idon ba na taifot ba ne." Wannan magana ta zauna mini, ko yanzu ina jin ta da muryarta.

Nan da nan aka shigar da shi. Aka rubuta wata allura, maigidana ya ruga ya zagaya shaguna kafin ya samu. Suka riƙa yi masa ita suna maimaitawa, suna sauraron ƙirjinsa, har miyau ya bushe, ƙarar ta ragu. Da abin ya lafa likitar ta kira ni gefe ta ce, "Me ya sa ba ki faɗi haka ba tun zuwan farko?"

Na ce, "An tambaye ni ko ya sha magani. Ba a tambaye ni ko kifin ya sha ba."

Ta ce ba su da na'urar da za ta nuna ainihin irin gubar, zato ne, amma zato mai ƙarfi, tunda allurar ta karɓe shi. Ta ce wanki da dahuwa ba sa fitar da irin wannan, kuma a kitse da kayan ciki ya fi taruwa, wato daidai inda Baba ya fi so. Sannan ta ce, "Tsoho ne. Ya tashi sau biyu. Kada ki gwada na uku."

Mun kwashe sati biyu ko fiye a wannan kwanciya. Maigidana ya bar shinkafarsa a hannun maƙwabcin gona, tsuntsaye suka ci rabonsu. Ban taɓa jin ya yi tsaki ba. Rai ya tsira, alhamdu lillahi, amma da muka dawo gida ƙafafun Baba suka fara ja. Ya ce tafin ƙafarsa kamar tururuwa na yawo a ciki, in ya taka ƙasa kamar ya taka auduga. Zuwa bayan gida sai an riƙe shi. An ce mana hakan kan biyo baya, wani ya warware, wani ya zauna da shi.

Ni na ɗauka wahala ta ƙare, ashe mafi wuyar tana gaba. Baba ya ƙi yarda. Na yi masa bayani a hankali, ya kawar da kai.

"Yarinyar asibitin nan da ba ta taɓa shiga jirgi ba ita za ta gaya min kihi? Ni na san kihin magani tun uwatta ba ta yi wayo ba."

Na ce, "Baba, ba magimfa ba ce yanzu."

"To mi ne ne? Wane mahaukaci zai zuba dahi a ruwan da zai koma gobe? Masunci ba ya haka. Ƙarya aka yi wa masunta."

A nan na gane ba kwaɗayi kaɗai ke damunsa ba. In ya yarda, ya yarda ke nan cewa mutanensa sun lalace, kuma abin da ya sani duk rayuwarsa ya daina aiki.

Da Mani ya sake zuwa na tare shi a ƙofa na faɗa masa abin da ya faru. Ya yi salati, ya ce shi saye yake a bakin ruwa, ba shi ke zubawa ba. Ya ce, "Kuma ban ɓoye miki ba, uwar gida. Na ce kihin magani ne. Kowa ya san abin da aka nuhi." Ban iya musa masa ba, ya faɗa. Ko ya san yana cutarwa, wannan tsakaninsa da Allah, ba zan rantse a kai ba. Na dai ce kada ya ƙara tsayawa a ƙofata.

Baba ya ji duk abin da muka yi, ya yi fushi, ya daina cin abinci. In na kai kunu ya juya wa bango fuska. Gwaggo ta goyi bayansa, ta ce ina kashe mata yaya da yunwa saboda maganar 'yan asibiti. Ranar Talata da safe na ga ta yafa mayafi ta ɗauki kwano ta ɓoye a ƙarƙashinsa, ta ce za ta kasuwa sayen daddawa. Daddawa na cike da gwangwani a madafa. Na tsaya a bakin zaure na ce, "Gwaggo, ki yafe mini, amma in kifi ya shigo gidan nan rijiyar masai zan zuba shi." Ban taɓa yi wa babba magana haka ba. Ta zage ni tas, ta ce Inna ba ta yi mini tarbiyya ba. Na kwana biyu ban iya haɗa ido da ita ba, kuma ko fita tsakar gida zan yi sai na waiwayi ɗakin Baba, don ban san wa za a aika ta bayan idona ba.

Maigidana ne ya ce baki ba zai gama wannan ba, a kai shi ya gani. Ya yi tambaya a wurin abokan noma, aka gaya masa wani gurbi a kan hanyar Bakura, kusa da gonakin shinkafa, inda aka kwashi kifi kwanan nan. Ya ɗauko babur mai ƙafa uku, muka fita da hantsi don mu dawo kafin azahar, saboda halin hanya. Ni da Gwaggo muka sa Baba a tsakiya. Tun da aka ce gulbi za a je fuskarsa ta saki, har yana tsokanar Gwaggo wai ta cika kujera.

Tun kafin mu ga ruwan wari ya tarbe mu, ruɓa haɗe da wani abu kamar kananzir. Maigidana ya goya Baba ya sauke shi a bakin gurbin. Ruwan na kwance, da wani maiƙo-maiƙo a samansa. Gefen gaba ɗaya ya yi fari da 'ya'yan kifi, waɗanda masu kwasa suka raina, sun bushe a laka. Ga kwaɗi sun kumbura, cikinsu a sama. Ga ƙaguwa. Ga wani farin tsuntsu irin masu cin kifi ya kife a cikin ciyawa, ƙudaje ma ba su yi masa yawa ba. A ƙarƙashin wata sabara na ga kwalaben maganin feshi an yar. Maigidana ya ce a hankali, "Wasu zubawa suke don kifi. Mu manoma kuma a magudana muke wanke tankin feshi, duk nan yake gangarowa." Don haka ba zan ce ga wanda ya kashe wannan ruwa ba.

Baba ya sa sanda ya juya wani kwaɗo, ya sake juya wani. Ya karkata kai yana saurare, ya daɗe a haka. Ni ma na saurara, babu komai, ko ɗan tsalle a ruwa babu.

Ya ce, "Magimfa ba ta kashe kwaɗo."

Ya miƙa hannu zai ɗebi ruwan, na riƙe hannun. Bai fizge ba. Ya tsinci ɗan kifi ɗaya da ya maƙale a laka, ya ɗora a tafinsa, bai kai ɗan yatsansa tsawo ba. Ya ce, "Giwan ruwa ne wanga. Da an bar shi, da sai mutum biyu sun ɗauke shi." Gwaggo ta ja mayafi ta rufe fuska. Baba ya ce mu koma gida.

Tun daga ranar bai sake neman kifi ba, Gwaggo ma ta koma Bakura ba tare da ta sake tayar da maganar ba, har ta bar mini ƙullin kuka da kuɓewa. Ga abin da nake roƙon mata 'yan'uwana: in an ce muku kifin magani ne, ku tambaya wane magani. In kun ga manya da ƙanana a cakuɗe babu mai motsi, ku bar arharsa. In kun kai mara lafiya asibiti, ku faɗi abin da ya ci da yadda aka samo shi, ko ba a tambaye ku ba. Miyau, gumi, da ganin duhu da rana, kada ku tsaya kemis.

Sai dai ni tsorona bai ƙare ba, ya sauya ne kawai. Baba ya daina fushi, amma ya daina komai. Ba ya tsokana, ba ya ba da labarin ruwa, kunu cokali biyu ya ce ya ƙoshi. Ƙasusuwan wuyansa suka fito. Na fara tunanin abin da guba ta bari yunwa za ta ƙarasa.

Maigidana ya ga haka, wata safiya ya hau babur ya tafi can wajen dam, ya sami mai kama kifi da ƙugiya, ya tsaya a kansa har ya ciro tarwaɗa a gaban idonsa. Ya kawo ta a bokiti da ranta, tana bugun gefe. Ya durƙusa a ƙofar ɗakin ya ce, "Baba, ga wannan. Da idona na ga an ciro ta, daga babban ruwa. A dafa maka."

Na riga na ɗauko wuƙa, duk da zuciyata na ta tambaya ko babban ruwan ma lafiya yake. Baba ya jawo bokitin, ya sa hannu a ciki, tarwaɗar ta zille ta fantsama masa ruwa a gemu. Ya yi wani ɗan sauti kamar dariya.

Ya ce, "Aje wuƙar nan, Rabi. A maida ta ruwa."

Maigidana ya ce, "To, Baba."

Har ya kama bokitin, Baba ya riƙe ɗaya gefen. "Tsaya, Malam. Wane ruwa za ka kai ta?"

Maigidana ya saki bokitin.

Tana nan har yau, a cikin babban bahon wankina, a inuwar ɗakinsa. Ni ke sauya mata ruwa daga rijiya. In na kai masa tuwo mai laushi sai ya ce a matso da bahon, ya gutsura ya jefa mata, ya tsaya ya ga ta haɗiye, sannan ya kai loma bakinsa. Haka suke yi har kwano ya ƙare. Ƙafafun ba su dawo ba tukuna, da sanda biyu yake kaiwa zaure, amma wuyan ya fara cikowa. Ku taya mu da addu'a, Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, na gida da na asibiti.

Jinya biyu nake yi yanzu. Da asuba in na leƙa na ga ƙirjin Baba na motsi, sai in zagaya in leƙa bahon, don ban san abin da zai faru ba ranar da na tarar da ita cikinta a sama. Tana girma, bahon ya fara yi mata kaɗan. Duk ranar da maigidana ya dawo daga gona, Baba kan ɗaga kai tun kafin ya gama sallama ya ce, "Malam, ruwan ya gyaru?"

Shi kuma ya ce, "Da saura, Baba."